Ƙahon Wanzami a Bakin Alboka

Shekara goma sha tara ina cin naman shanu a Ingila ban taɓa tambayar kaina ina ƙahonnin suke zuwa ba, sai ranar da wata mata ta shigo shagona da guda ɗaya a tsage.

Shagon a unguwar Handsworth yake. Da bayan mota na fara, ina bin kasuwannin Lahadi da tsofaffin jita da lasifika. Daga baya na ƙara da fatun ganga, domin ni ɗan mahauta ne, na san fata tun kafin in san karatu. Abin da ya riƙe ni a sana'ar ɗaya ne: in na ce akwai, to akwai. Makaɗa suna gaya wa juna haka, shi ne ma ya kawo matar.

Ma'aikaciyar jinya ce a unguwar Selly Oak, 'yar ƙabilar Basque, mutanen duwatsun da ke tsakanin Sifen da Faransa. Ta kwance wani ƙyalle a kan teburina. A ciki akwai abin busa da suke kira alboka: karare biyu a manne kan lanƙwasasshen katako, babban ƙaho a gaba inda sauti ke fita, ƙarami a baya inda ake cusa baki. Ƙaramin ne ya tsage daga sama har ƙasa. Ta ce kakanta ne ya sassaƙa ta, kuma ranar Asabar ƙungiyar kiɗansu tana da wasa a Manchester. Ranar nan Litinin ce.

Na tambayi irin kiɗan, ta kunna mini a waya. Black metal suke ce masa. Jita kamar injin niƙa ya ci tsakuwa, ganga ba hutu, mawaƙin kuwa ihu yake kamar an taka masa wuya. Amma can sama da hayaniyar sai ga busar nan ta ratso, siririya, ba ta yankewa, kamar algaita. Ta ce waƙoƙin makiyayan garinsu suke ɗauka su zuba a ciki, da harshensu.

"Ƙaho kawai?" na ce. "Akwai. Ki dawo Laraba."

Washegari na tafi mayankar da nake karɓar fata. A raina tulin ƙahonni nake gani irin na mayankar Kano, waɗanda sai mun ture da ƙafa muke wucewa. Mai kula da wurin, wani ɗan Pakistan da muka daɗe tare, ya ja ni ya nuna mini shanun da ke layi. Kawunansu sumul. Tun suna maruƙa ake kashe tushen ƙahon, wasu ma haka ake haifarsu.

"Ɗan'uwa," ya ce, "ba kai ke ce mana gadon fawa ka yi ba?"

Na raguna akwai, amma murɗaɗɗu ne. Na intanet manya ne, an shafe su da fenti don ado, kuma sai bayan mako biyu. Wani manomi a Wales mai shanu masu ƙaho ya ce in jira kaka. Ranar Laraba na gaya mata gaskiya: ban samu ba, ta ba ni zuwa Juma'a. Ta ce ko ta liƙa da gam. Na ce damshin numfashi zai buɗe shi kafin a gama waƙar farko, kuma ba abin da na yi mata alkawari ba ke nan.

Matata ce ta ba ni hanya ba da saninta ba. Ina ƙorafin ciwon baya saboda tuƙi, ta ce, "Ka je Baba ya yi maka ƙaho mana." Na ajiye cokali.

Baba tsohon wanzami ne da ke zaune wajen ɗansa likita a unguwar Whalley Range, can Manchester. Shi ke askin suna ga rabin Hausawan Manchester, kuma jakar ƙahonninsa daga gida ya zo da ita. Alhamis da hantsi na kama hanya. Na tarar da shi a tabarma kusa da hita, muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Wane irin kiɗa ne, ɗan fawa?"

Da na ce masa na gargajiya ne, da an gama. Amma ban saba sayen kaya da ƙarya ba, sai na kunna masa. Ya saurara, fuska a yamutse.

"Wannan mai ihun, an kai shi asibiti?"

"Lafiyarsa lau, Baba. Aikinsa ke nan."

Ya ɗaga hannu a daidai inda busar ta shigo, ya sa na mayar baya har sau biyu. "Wannan dai ta iya. Ba ta yanke numfashi." Ya jawo jakar, ya fara jera ƙahonni, sai ya tsaya. "Ta ina za ta sa baki?"

"Ta faffaɗan gefen."

"Inda jini ke taruwa?" Ya fara mayar da su ɗaya bayan ɗaya. "Waɗannan sun sha jinin mutane shekara da shekaru. Ni ta tsinin nake tsotsa. Ba zan bai wa 'yar mutane ta cusa baki a nan ba, ko me za ka kawo."

Ban yi masa gardama ba, yana da gaskiya. Ban kuma tashi ba. Na ce ban taɓa ganin wanzamin da bai ajiye sabo na ko-ta-kwana ba. Ya harare ni. Muka sha shayi, muka yi Azahar, ya ba ni labarin gwiwarsa da yadda likitan unguwarsu ya raina masa hankali. Sai wajen La'asar ya miƙa hannu bayan kujera ya zaro ɗaya a cikin safa, fari, ba a ko huda shi ba.

"Ba a hannunka zan sa shi ba. Ku mahauta sara kuka iya. Kawo ta da abin nata, ni zan yanka."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai ta. Ta cire takalmi a bakin ƙofa tun ban gaya mata ba. Baba ba ya jin Turanci sosai, ita ba ta jin Hausa, ni kuma ba su nemi tafintana ba. Ta nuna da yatsa, ya yanke tsinin da ƙaramin zarto, ya yi ta kankarewa da aska. Ta narkar da kakin zuma ta toshe mahaɗin, ta busa. Iska ta fita ta gefe, fuu. Ya karɓa, ya kanga a haske, ya ƙara kankare bakin a karkace don ya zauna da leɓɓanta. Karo na uku sautin ya tashi ya cika falon, kumatunta a cike, ta riƙe shi har jikar Baba ta leƙo daga kicin.

"Gaya mata ya zama nata," in ji shi. "Mai ihun kuma ya riƙa shan zuma."

Asabar da rana na je inda suke gwaji kafin wasa, wani ɗakin ƙasa mai warin danshi. Maza biyu suna dukan katakai a jere da sanduna, wannan ya ɗaga wancan ya sauke, kamar mata biyu suna lugude a turmi. Sannan jita ta ɓarke, na cusa auduga a kunne. Abin da na zo dubawa ɗaya ne, ko ƙahon zai jure zafin baki da gumi. Waƙa uku na tsaya. Bayan ta uku na matsa na karɓi albokar, na juya ta, na danna mahaɗin da babban yatsa. Bai motsa ba. Na miƙa mata abinta, na haura na nemi motata, domin akwai mai zuwa karɓar fatar ganga a shago ƙarfe biyar.