Wasiƙar da Aka Zana wa Adireshi

Har yau ban manta da ranar da wasiƙar nan ta Zariya ta faɗo hannuna ba. Lokacin ina rarraba wasiƙu a gidan waya, yankina Nassarawa GRA. Wayar hannu ta riga ta cinye mana kasuwa, sai takardun ofis da na kotu muke kaiwa.

"Bilkisu, Nassarawa GRA, Kano" kawai aka rubuta a jikin ambulan ɗin. A ƙasa kuma an zana ƙofar gida da fensir: bishiyar darbejiya, da wani mutum a kan benci, hula ta zamo masa kan ido, baki a buɗe.

Ƙa'idarmu, wasiƙar da ba ta da cikakken adireshi mai ita ake mayar wa. In shi ma bai sa nasa ba, sai a jefa ta wani akwati da ba a cika sake buɗewa ba. Wannan kuwa babu sunan mai aikowa. Shugaban sashenmu ya ce mu ba gidan hoto ba ne. Na roƙi wuni ɗaya, ya ce in la'asar ta yi tana jakata, to akwati.

Ina da ɗan littafin da nake rubuta alamomin gidaje da ajami, don lambobin GRA gogewa suke yi. Na duba, gida huɗu ke da darbejiya a ƙofa. A na uku na tarar da bencin, da hular, da Malam Sabo mai gadi, mutumin Jigawa.

Bayan mun gaisa na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce akwai Bilkisu a gidan, amma wannan ba ƙofarsu ba ce, shi shekara tara bai taɓa runtsawa a bakin aiki ba. Na ce to ba na ajiye saƙo inda mai gadi ya ce ba nan ba ne. Na ta da babur.

"Tsaya, Malam," in ji shi. "Ba barci ba ne. Tasbihi nake yi, na lumshe ido."

Na ce Allah ya karɓa.

Bilkisu ta fito da hannu a ɗaure. Karaya ce ta hana ta komawa makarantarsu a Zariya zangon nan. Tana ganin ambulan ta yi ta dariya har sai da ta zauna a bencin. Ta ce aikin Rifkatu ne, ƙawarta da suke karatun zane tare, wadda sau ɗaya ta taɓa zuwa gidan. Malaminsu ne ya ce zane bai kai zane ba sai baƙo ya gane shi, shi ne Rifkatu ta gwada da mu.

Malam Sabo bai nemi komai ba illa kada Alhaji mai gidan ya ga ambulan ɗin, kuma a gaya wa Rifkatu, nan gaba ta zana shi a tsaye.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kada ku yi saurin jefa takarda akwati. Mai aikowa ya san inda yake nufi, akwai kuma mai jira a bayan ƙofa. Ku san unguwarku da bishiyoyinta, ku riƙa gaida masu gadi, ko da idonsu a lumshe yake.