Lemar da Ba a Buɗe Ba

Tun da ruwan yamma ya ɓarke, Goggo Shufen mai dafaffen ƙwai a bakin tashar jirgin ƙasa ta birnin Tainan a Taiwan take kallon budurwar nan. Da gani kayan jiya ne a jikinta, kwallin idonta ya zazzago, tana ɗan tashin warin barasa. Ruwa na dukanta, alhali ga sabuwar lema ja ta rungume kamar jinjiri, ko ledarta ba ta cire ba.

"'Yar nan, buɗe lemar mana. Sai kin kwanta ciwo?"

"Saurayina ne ya ba ni, Goggo," in ji budurwar. "Yau da safe, a bakin ƙofarsa."

Goggo ta sake duban lemar. A harshensu na Sinanci, sunan lema da kalmar rabuwa kusan furucinsu ɗaya, ko yaro ya san ba a ba masoyi ita.

"Ƙila hadari ya gani," budurwar ta ce, tana duba wayar da ta ƙi yin ƙara. "Ko ba haka ba?"

Goggo ta miƙa mata ƙwai mai zafi. Ba ta da bakin tuna mata cewa da safe sama tas take, ko ɗigon gajimare babu.