Iliyasu da Man Dawowa daga Mars

Iliyasu, Allah ya jiƙan shi, ɗan Damagaram ne mai yawan dariya. Karatu ya kai shi ƙasar Turawa, garin Saint-Denis, aiki kuma ya gangaro da shi Lyon, wani ɗakin gwaje-gwaje a Saint-Fons da ke gefen birnin. Can suke neman dabarar da kumbo zai je duniyar Mars ba tare da ya ɗauki man dawowa ba, sai dai ya haɗa shi a can, daga iskar wurin da ƙanƙarar da ke cikin ƙasa. Shi ne mai kula da bututu da tukunyar da ake haɗin.

Kafin labarin aikin ya isa gida, 'yan kai-da-kawo sun ƙara mishi gishiri, wai Iliyasu za a harba sama. Mahaifiyarshi, Inna Zuwera, ta buga waya.

"Ka bar aikin nan, in dai ni na haife ka."

Hankalinshi ya tashi. Yana son aikin kamar ranshi, amma ba ya iya cin abincin da ba albarkar uwa. Ya ajiye shinkafar da ya sayo a unguwar Guillotière, ya yi ta rarrashi.

"Inna, ni ko lilo jiri yake sa ni. Mai kawai muke yi. In kin tafi gona mai nisa, kina ɗaukar icen girki daga gida?"

"A'a, can nake tsinta. To can akwai itatuwa?"

"Babu, sai iska."

"Iska! Yaro, sun maida kai mahaukaci."

Ya roƙi shugabarsu, ranar gwaji ta bar shi ya kira gida ta bidiyo. Aka buɗe famfon man da suka haɗa daga iska, aka ƙyasta, wuta shuɗiya ta tashi tsaf. Inna ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar.

"Ba hayaƙi?"

"Ko kaɗan."

Shekara da shekaru hayaƙin murhu yana cin idonta.

"To ka zauna, Allah ya yi albarka. Amma kada ka hau, sai ɗan wata ya je ya dawo."

Ya yi dariya har da hawaye. Da wannan albarka ya ci gaba da aikin, yana waƙa kan bututunshi, har ciwon zuciya ya ɗauke mana shi bara. Allah ya haskaka makwancinka, Iliya.