Ƙafar Ƙungiya

Har yau ba na iya daɗewa a shagon magani idan aka buɗe man zafi. Da warin ya bugi hancina sai in ga tsakar gidanmu na ƙauye, can bayan duwatsun Roni, in ga Inna ta narka man kaɗanya a murfin kwano ta cakuɗa shi da man zafi, Baba kuma ya miƙe ƙafarsa ta dama a kan tabarma yana cije leɓe. Mu yara ana cin tuwo muna shaƙar wannan wari, har na zaci haka kowane gida yake.

Babana ɗan langa ne. Kada ka yi dariya, domin na san abin da ya faɗo maka a rai: wasan yara a dandali. Shi da langa ya ciyar da mu. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa ne ya kafa ƙungiya a garinmu, yana ba su ɗan albashi da buhun gero idan kaka ta yi, suna zagayawa Kazaure da Ɓaɓura da Kanya Babba, wani lokaci har su tsallaka iyaka su dawo da sefa a aljihu. Ga wanda bai taɓa gani ba, kowane ɗan wasa yakan kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa, shi ake so ya ratsa fili ya isa inda aka shata, sauran kuma dawaki ne, suna kare shi suna bangaje na abokan karawa. In ruwa ya faɗi ko ƙafar ta suɓuce masa, an gama da ku. In ya isa, sai a ce ya sha. Baba shi ne ruwan ƙungiyar tun kafin ya auri Inna, kuma bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba.

Na san filin kamar tafin hannuna, saboda can nake kai tallar dafaffiyar gyaɗa. Da la'asar sakaliya, bayan an kwashe amfanin gona, mutane sukan yi da'ira a kan karan dawa da aka share gefe, masu kalangu su zauna gaba. Idan Baba ya fito sai fili ya ɗauka. Ba shi da wani jiki, siriri ne, amma cinyarsa ta dama ta kusa ninka ta hagu, har tela sai ya auna su dabam-dabam. Yakan yi kamar zai bi dama, dokin abokan karawa ya afka, sai ka gan shi ya riga ya zille ta hagu, ƙaton mutum yana birgima a ƙasa. Ni kuwa in manta da farantin gyaɗa, yara su yi ta wawura, in koma gida in sha faɗa. Ina alfahari da shi ƙwarai a lokacin, ba zan ɓoye maka ba.

Mai horar da su dattijo ne da kowa ke kira Koci. Shi ya tsinto Baba a dandali yana ɗan saurayi maraya, ya ciyar da shi, ya tsaya masa har wajen neman aure. Ranar da ya naɗa shi ruwa, ya kai shi wurin wanzami aka yi masa tsaga a ƙwaurin dama aka shafa magani, ya kuma ɗora masa sharaɗi: ba zai taɓa yin tsalle da hagu a fili ba. Ta dama ce aka dafa, ita ce ƙafar ƙungiya. Haka kowa yake kiranta, har shi Baban. Idan ya taka ƙaya a gona sai ya ce, "Kai, na kusa ɓata wa ƙungiya ƙafa."

Akwai shekarar da wasu mutane suka zo daga birni cikin mota. Sun gan shi a Kazaure, suna so ya koma ƙungiyarsu, da alkawarin aikin ofis idan ya ajiye wasa. Inna tana bayan zana tana jin komai. Baba ya shayar da su fura, ya raka su bakin mota, ya ce shi mutumin da ya rene shi yana nan da rai, ba zai juya masa baya ba. Inna ta yi kwanaki ba ta ce masa komai ba sai gaisuwa.

Ina aji uku ko huɗu na firamare gwiwar ta fara kumbura. Da farko sai bayan wasa, ta sace kafin gari ya waye. Daga baya ta daina sacewa. Ta yi sumul tana sheƙi kamar ƙwarya, in an danna yatsa sai ya bar gurbi. Da damina ta sauka yana noma yana jan ƙafar, yana tsayawa kan kowace kunya. Inna ta matsa har ya je wurin maɗori a Achilafiya, ni na riƙe masa buta. Tsohon ya daɗe yana lallatsa wurin, sannan ya ce ba karaya ba ce balle ya ɗora, ƙashi ne ya cinye ɗan'uwansa. Ya ce ko dai Baba ya hutar da ita bana, ko ya koma tsalle da hagu, in ba haka ba wata rana za ta sandare, kuma babu mai lanƙwasa ta sai Allah.

Baba ya iya tsalle da hagu. Na gani da idona, a bayan rumbu, yana gwadawa lokacin da ya zaci ba kowa. Bai kai na dama ba, amma ya fi na samari da yawa. Shi ya sa da Koci ya zo gidanmu da kaka, kan maganar karawa da mutanen Ɓaɓura, Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yafa mayafi ta fito zaure, ta durƙusa.

"Baba, ku yi haƙuri da ni," ta ce wa Koci. "Ku bar shi ya canza ƙafa. Ita ce dai muke ci da ita."

Koci bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, ƙafar nan ba a taɓa kunyata mu da ita ba. In ya sauya, abin da aka dafa ya warware. Wannan karon kaɗai, daga nan ya huta."

Na kalli Baba ina jiran ya ce wani abu. Kansa yana ƙasa. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, Maigida."

Ranar wasan an naɗe masa gwiwar da tsumma har ta yi kamar damin kara. Mutanen Ɓaɓura ba makafi ba ne, sun ga tsumman, dawakinsu duk suka tasar wa ɓangaren dama. Ya zille wa na farko, ya zille wa na biyu. Na uku ya same shi da kafaɗa daf da wurin sha. Bai faɗi ba. Ya tashi sama ya dira a kan ƙafar a karkace, na ji ƙarar duk da kalangu, kamar an karya ɗanyen rake. Bai saki ta hagun da ke hannunsa ba. Ya ƙarasa a haka, ya sha. Fili ya ruɗe, samari suka ɗaga shi sama suna zagayawa da shi, suna ganin hawayensa suna zaton na murna ne. Ni kaɗai nake ihu a sauke shi, ba wanda ya ji ni.

An kai shi asibiti a Kazaure, an zuƙe ruwa, an sa filasta. Da aka cire, ƙafar ta miƙe sambal kamar taɓarya, kuma haka take har gobe. Mutumin da gari ke fitowa kallo ya koma ba ya iya tsuguno. Ba ya iya durƙusawa ya gaida manya. A masallaci sai ya zauna ƙarshen sahu jikin bango, ya miƙe ƙafar gefe don kada ta shiga sahun gaba. Gonarmu ƙanen Inna ya karɓa yana nomawa ana rabawa, Inna kuma ta kama ƙuli-ƙuli. Makon farko zaurenmu bai rabu da 'yan ƙungiya ba, da lemo da goro. Kafin kaka ta zagayo ƙafar masu zuwa ta ɗauke, buhun geron ma ya zo sau ɗaya bai sake zuwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai a filin na gan shi. An naɗa sabon ruwa, wani yaro mai tsawo. Ina tsaye da farantina na ga ya fara da dama, da aka sake zagaye ya koma hagu, Koci yana zaune yana tafa masa. Ba tsaga, ba sharaɗi, kuma suka ci wasan. Na ruga gida ina kuka na faɗa wa Baba. Ya ce, "Uwata, ba a zagin Maigida a gidan nan." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Tun daga ranar ban sake kai talla filin ba, ban kuma sake gaida Koci ba har ya bar duniya. Baba kuwa da sanda ya ja ƙafa ya bi gawarsa har maƙabarta.

Yanzu ƙungiyar ta watse, filin ya zama tashar 'yan acaɓa. Masallacinmu ya cika da kujerun roba, Baba ba shi kaɗai ke salla a zaune ba. Matasan garin ƙwallo suka sani, wasunsu ma zato suke da gurguwar ƙafa aka haife shi. Shi kuwa har yanzu in yana labari sai ya ce "mu", kamar gobe za su fita wasa.

Bara ɗana na fari ya dawo daga makaranta a Kazaure yana tsalle, wai an farfaɗo da gasar langa, kuma shi aka zaɓa ruwa. Na ce ba da yawuna ba. Da ya dame ni da kuka na ɗauke shi muka tafi ƙauye, a zatona in ya ga kakansa zai haƙura, ko kakan ya tsawatar masa. Ina! Baba sai ya washe baki ya ce, "Aboki, kama ƙafa in gani." Yaron ya ratsa tsakar gida daga rumbu zuwa bakin rijiya, tsohon yana binsa da ido, kafaɗarsa tana motsi da kowane tsalle. Raina ya ɓaci har na miƙe zan shiga ɗaki.

"Sake," in ji Baba. "Da ɗayar."

"Malaminmu ya ce in tsaya kan ta dama, Kaka. Ya ce ita makaranta ta dogara da ita."

Murmushin ya bar fuskar Baba. Ya sa hannu ya naɗe wandonsa har cinya, abin da ko mu 'ya'yansa ba ya yi a gabanmu, ya bar yaron ya kalli gwiwar da kyau, da tsagar da ke ƙasanta.

"Ka je ka gaya wa malamin naku," ya ce, "ƙafar taka ce. Ba ta makaranta ba ce, ba ta kowa ba ce. Ni ba a gaya mini ba."

Inna tana bakin murhu, ta juya mana baya tana ta gyara icen da ba ya buƙatar gyara. Yaron ya sunkuya a hankali, ya kama ƙafarsa ta dama, ya tashi a kan hagu.