Raƙuman da Kawu Sanda ya yi wa shaida

Duk wanda ya zauna Dakoro ya san Kawu Sanda ba ya buɗe littafi sai da jan biro a hannu. Shekara talatin yana mushe a lakkol, wato malamin makarantar boko. Shi ya yi ritaya, hannunsa bai yi ba. Ko takardar likita aka miƙa masa sai ya ba ta maki kan ashirin.

Ɗiyarsa Rakiya ta tafi karatu Ostiraliya ba da son ransa ba. Ya ƙi raka ta tasha, ya ƙi karɓar wayarta, har shekara shida. Ita ma jininsa ce: ta daina kira, ta koma aiko masa da sababbin littattafan can. Kawu Faransanci ya iya, Ingilishi ko kalma ɗaya, amma wannan bai hana maki ba. Wani labari mai kauri, maki bakwai kawai ya samu, wai marubucin surutu gare shi. Na tambayi yadda ya sani, ya ce in ɗaga in ji nauyi. Ni da nake koyar da Ingilishi a kwalej!

Sai ga wani na zane-zane, cike da raƙuma. Na gaya masa can raƙuma daji suke yawo, babu mai su.

"Raƙumi babu mai shi? Mai zanen dai ya mance."

Ya bi su ɗaya ɗaya ya yi musu shaida a wuya, kada su ɓata.

Bara wani littafi ya iso da sunan Rakiya a bango, labarin yarintarta ne ta zana da hannunta. Kwana uku Kawu yana kewaya shi, sannan ya aika a kira ni. Muna buɗawa har muka iso shafin tasha: mota na tashi, ga wani tsoho ya laɓe bayan itacen bedi, hula a hannu, yana leƙe.

Kawu ya ce: "Ashe ta gan ni."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ni ma na kasa riƙe nawa. Ya ce in kira masa ita. Tana ɗauka, ko sallama babu: "Ke Rakiya, mi na yi maki da za ki ba ni kunnuwa haka?"

Daga inda nake ina jin kukanta da dariyarta a haɗe.

Wata huɗu suka samu, kowace Juma'a suna waya suna gardama. Ba ta riski jana'izarsa ba, amma sun rabu lafiya. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sanyaya zuciyar Rakiya.