Wa Ya Haƙa Rijiyar Zango

Shekarun nan bayan yaƙin Asante, ina rubuta wa fataken goro wasiƙu da ajami a zangonmu na Ankara ta bakin teku, kudu da Asante, dattawa suka kira ni in rubuta tarihin zango. Rigimar sarauta ake yi, kowa na son takardar da za ta nuna wa Turawa cewa gidansu ne farkon sauka.

Limamin da ya shugabanci zaman ya kafa ƙa'ida: ba abin da zai shiga takarda sai da shaidu biyu, maza, 'ya'ya ba bayi ba. A lokacin har burge ni ya yi. Na ce ga ilimi, an raba tarihi da tatsuniya.

Kwana uku ina rubuta ƙarya mai shaidu. Wanda na san ubansa ɗan dako ne ya wayi gari jikan malamin Katsina, abokansa biyu suna gyaɗa kai. Gobe shi kuma ya gyaɗa musu. Har yau in na tuna sai in ji kamar in tofar da yawu.

Ran na huɗu aka zo kan rijiyar masallaci. Babana ya miƙe. A kasuwar Salaga aka sayar da shi yana yaro, ya gudu ya shiga soja, tsagen fuskarsa kuwa ba ya ɓoyuwa.

"Malam, rijiya nan ni ya tona shi," in ji shi da gurguwar Hausarsa. "Wata biyu ina ciki."

"Wa ya gani?" in ji Liman.

Ya lissafo matan da suka kwashe ƙasa da bayi uku da suka ja igiya. Liman ya ce ba a karɓar shaidarsu. Duk wanda ke kan tabarmar nan da ruwan rijiyar ya yi alwala ran nan, kuma ba wanda bai san gaskiya ba. Ba wanda ya tsaya masa shaida. Aka ce in rubuta wani attajirin goro ne ya haƙa ta. Na tsoma alƙalami na rubuta. Kujerar magatakarda nake kwaɗayi, ba zan ɓoye ba.

Da aka watse, Baba ya matso. Bai iya karatu ba, bai kuma fahimci an yanke hukunci ba.

"Ina wurin da ka sa ni?"

Na nuna masa layin rijiya. Ya goge yatsansa a riga, ya shafa sunan attajirin a hankali, ya sa mini albarka.