Kwalbar da Ta Tsufa a Masallacin Shagari

Shekarar da gwamnatin farar hula ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, ina da rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwar Bodinga. Ba yabon kai ba, daga Sifawa har Danchadi, in rediyo ya yi shiru ni ake nema.

Saura kwana huɗu a ga watan azumi, wani manomin albasa daga Shagari ya sauke mini kaya daga bayan babur, a naɗe cikin wani koren mayafi mai kauri. Na ɗauka littattafai ne. Da ya kwance sai ga tsohuwar amfilifaya, irin mai kwalabe a ciki, wadda sai ta ɗumama take magana.

Ya ce yayansa ne ke tafsiri a masallacin unguwarsu bayan la'asar, shekara da shekaru. Amma azumin bara muryar ta riƙa fita a lasifika a shaƙe, tana rawa, har matan da ke saurare daga gidaje suka daina ji. Dattawa sun gama shawara: da zarar an ga wata za su je su roƙi Malam ya huta, a ɗora wani.

"Cewa sunka yi muryatai ta mutu," in ji shi. "Ni ko kullum ina jin shi cikin zaure, garau take. Don Allah duba muna wagga aba."

Na kunna ta, na ɗauko mita. Ni ban yarda da kunne ba sai mita ta yi shaida. Taransifoma lafiya lau, wayoyinta biyu kowace tana ba da abin da ya kamata. Amma a cikin irin wannan amfilifaya akwai kwalba guda da aikinta shi ne ta miƙar da wutar da ke kai da komo kafin sauran kwalabe su sha. A bayanta ya kamata in ga kamar bolt ɗari uku da hamsin. Allurar mita ko ɗari biyu ba ta kai ba. Na zare kwalbar, gindinta ya yi baƙi ƙirin kamar tukunyar miya. Na tambayi manomin ko a ina suke ajiye amfilifayar.

"Cikin mayahin nan. Wani alhaji yaz zo da ita daga Makka, ba mu barin ta a buɗe, ko tana aiki."

Raina ya ɓaci. Abin da ke neman iska, ku lulluɓe shi a zafin Sakkwato, wai girmamawa! Na ce masa da ladabinku kuka dafa ta.

Washegari na karaɗe Sakkwato ban sami kwalbar ba. Kowane mai shago sai ya ce an hana shigo da kaya. Na dawo na farke wata matacciyar talabijin, na ciro dayod biyu, 'yan ƙanana kamar ƙwayar wake, masu yin aikin kwalbar. Na haɗa kowane da wayar taransifoma guda, ɓangaren da ke da zane yana kallon kwandansa, wato gwangwanin da ke tara wuta, wayar tsakiyar taransifoma kuwa tana nan a jikin ƙarfen amfilifayar. In ka juya zanen nan, gwangwanin ne zai fashe maka a fuska. Na kunna, allura ta wuce ɗari huɗu. Dayod ba ya cin wuta kamar kwalba, shi ya sa ta yi yawa, tsohon kwandansan kuma ba zai jure ba. Na kashe, na zubar da wutar da ya tara, na sa masa rizisto babba a gaba don ya rage mata ƙarfi. Sau uku ina canzawa kafin allura ta tsaya inda nake so.

Ranar ɗaya ga azumi na kai ta Shagari da kaina. Na ɗora ta a kan benci a buɗe, ladan ya taho da mayafi, na ce in ya rufe ta ni da shi ne. Dattawa suna zaune a sahun gaba, ƙanen Malam ya riga ya roƙe su su jinkirta maganarsu sai bayan tafsirin yamma.

Malam ya zauna, tsoho ne siriri, ya yi gyaran murya ya ja bisimilla. Sai da tantabaru suka tashi daga kan masallaci. Wata tsohuwa ta aiko daga ƙarshen unguwa wai a gaya wa Malam ta ji. Dattawan nan babu wanda ya iya duban ɗan'uwansa. Na ji daɗi ƙwarai, har da ɗan girman kai.

Ya yi tafsirinsa har ƙarshen wata. Ranar rufewa na koma in duba ta da mita. Bayan addu'a sai ya kira wanda aka so a ɗora, ya zaunar da shi a buzunsa, ya miƙa masa makirfo a gaban kowa. Da na je gaishe shi na kasa haƙuri.

"Allah shi gafarta Malam, bayan duk wanga aiki?"

Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Tun bara nis so in aje," ya ce. "Amma da hannuna nika son in bayar."